Yunƙuri na huɗu: yadda na koyi zari-rugar Amurka a shekarar da Eagles suka fara ɗaukar kofin Super Bowl

Aikina a Filadelfiya tuƙin motar da ke kai masu ciwon ƙoda wurin wankin jini ne. Litinin, Laraba da Juma'a nakan ɗauki mutane iri ɗaya tun kafin gari ya waye, in kai su, in dawo in kwashe su bayan kamar awa huɗu. Duk wanda ya yi wannan aiki a garin nan ba shi da mafita daga zancen Eagles, ƙungiyar zari-rugar Amurka ta garin. Tashar rediyon wasanni ta WIP daga asuba har dare maganarsu take yi, fasinjojina kuma ba sa yarda a murɗa zuwa wata tasha. Shekaru na yi hayaniyar tana wucewa ta bayan kunnena. Ni ɗan Kano ne, ƙwallon da na tashi da ita ita ce ta Pillars a filin Sani Abacha da ta Firimiya a gidan kallo. In na leƙa talabijin na ga zari-rugar Amurka, abin da idona ke gani kawai ƙarti ne sanye da kwalkwali suna gwabzawa na ɗan lokaci, a busa usur, a tsaya, a sa talla.

Ɗana ne ya sa na ɗaura niyyar koyo. A watan Satumba na 2017 ya fara dawowa daga makaranta da zancen da ba ni da amsarsa. "Abba, ka ga abin da Wentz ya yi jiya?" Sai in ce masa ya ci abinci. Na lura ya daina tambayata, ya koma yi wa yaran maƙwabta zancen. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Yaron da aka haifa a ƙasar nan, in ba ka shiga abin da ke ransa ba tun yana ƙarami, wata rana za ka tarar ba abin da ke haɗa ku magana sai faɗa. Shi ya sa wata Litinin na roƙi ɗaya daga cikin fasinjojina ya koya mini wasan daga tushe.

Dattijo ne baƙar fata, haifaffen yammacin birnin, tsohon ma'aikacin gidan waya. Kujerar gaba tasa ce, ba mai yi masa gardama a kanta. Ina ce masa Baba kamar yadda muke kiran sa'an mahaifinmu, shi kuma yana ce mini yaro duk da furfurar da ta fara fito mini a gemu.

Abu na farko da ya ce in yi shi ne in daina bin ƙwallo da ido, in riƙa duban lambobi biyu da ake rubutawa a ƙasan allon talabijin. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da gida mai zurfin yadi goma a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya daidai inda aka tsaya. Lambar farko tana gaya maka yunƙuri na nawa ake ciki, ta biyu kuma yadi nawa ya rage. Layin nan ruwan ɗorawa da ake gani a talabijin babu shi a kan ciyawa, kwamfuta ce ke zana shi don mai kallo ya san inda ake son kaiwa. Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu, ko ya cafke ta a ciki, ya ci maki shida, sannan a ƙara bugun maki ɗaya, ko kuma a sake gwada shiga daga yadi biyu a nemi maki biyu. In an matso kusa amma shiga ta gagara, ana iya doka ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu, maki uku ke nan.

Sai ya ce duk wannan share fage ne, asalin wasan yana yunƙuri na huɗu. In an yi uku ba a ci yadi goman ba, koci yana da zaɓi. Ya sa a doka ƙwallo can nesa a sallama wa abokan hamayya, su faro daga nesa da gidansa. Ko ya nemi maki uku in an yi kusa. Ko kuma ya yi ta maza ya ce a sake gwadawa, alhali ya san in aka kasa, an miƙa ƙwallo a wuri mai haɗari. Al'adar kociyoyi tun da daɗewa ita ce sallamawa. Baba ya ce ba wai don ita ta fi kawo nasara ba ne kullum. Kocin da ya sallama ba a zaginsa. Wanda ya yi kasada ya faɗi kuwa, sunansa ne a bakin kowa ranar Litinin.

Na sayi ɗan littafin rubutu. Ranar Lahadi 24 ga Satumba, da Eagles suka karɓi New York Giants a filinsu na Lincoln Financial, na zauna da ɗana ina rubuta kowane yunƙuri: na nawa, saura yadi nawa, gudu aka yi ko jifa, me ya faru. Wannan rubutu shi ya buɗe mini wasan fiye da komai, kuma shi nake ba kowane ɗan uwa da ya ce yana son koyo shawara ya yi. Tsayawar nan da a da nake gani ɓata lokaci ce, ashe a cikinta ake shawara. Koci yana magana da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran masu kai hari, ta wata na'ura da ke cikin kwalkwalinsa. Masu tsaro suna sauya mutane. Kana iya tsayawa kai ma ka ce da ni ne, abu kaza zan yi, sannan ka ga ko shi aka yi.

A wannan wasa na fara ganin halin kocin, Doug Pederson. Kafin hutun rabin lokaci, a yunƙuri na huɗu, saura yadi takwas, kusa da tsakiyar fili, ya ƙi sallamawa. Aka kayar da Carson Wentz, kwatabak ɗin Eagles, da ƙwallo a hannu, Giants suka karɓa. Ban san girman abin ba sai washegari, da na ji masu bugo waya a rediyo suna neman cinye mutumin ɗanye, duk da cewa Eagles ne suka yi nasara. Dama tun kafin a fara kakar wani mai sharhi ya ce bai taɓa ganin kocin da bai cancanta ba kamarsa. Shekararsa ta biyu ke nan a kan kujerar. Yawancin rayuwarsa ta ɗan wasa a benci ya yi ta yana jiran wani ya ji rauni, kuma aikin koci a makarantar sakandare ya fara shi, a jihar Louisiana. Baba ya girgiza kai ya ce yadi takwas ya yi yawa, amma ya ƙara da cewa mutumin yana da masu lissafi da ke gaya masa a kunne lokacin da kasada ta fi riba, kuma in har bai ji tsoron rediyo ya daina ba, akwai inda za a je.

Nasarar ranar ta koya mini agogo. Kashi huɗu ne na minti 15 kowanne, amma agogon yana tsayawa in jifa ta faɗi ƙasa ba a cafke ba, ko mai ƙwallo ya fita waje, ko an nemi ɗan hutu, wanda kowace ƙungiya ke da uku a kowane rabi. Shi ya sa wasan awa ɗaya ke cin awa uku. Ana kunnen doki 24 da 24, Alshon Jeffery ya cafke jifa ya fita waje saura daƙiƙa ɗaya tak. Aka kira Jake Elliott, sabon yaro da aka ɗauko daga 'yan atisayen Cincinnati makonni biyu kafin nan saboda mai bugun ƙungiyar ya ji rauni. Ya doka daga yadi 61, nisan da ba wani ɗan Eagles da ya taɓa ci daga gare shi. Ta shiga. Abokan wasansa suka ɗauke shi a kafaɗa, ɗana kuma ya haye wuyana. A wasan ne kuma Darren Sproles, mai gudu da ƙwallo na Eagles, ya karye a hannu, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, duk a faɗuwa ɗaya.

Mataki na gaba ya fi wuya. Baba ya ce in zaɓi mutum ɗaya daga cikin ƙartin nan biyar da ke tsugunawa a gaban kwatabak, in kalle shi shi kaɗai har kashi guda ya ƙare. Ya zaɓa mini mai lamba 62, Jason Kelce, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa a farkon kowane yunƙuri. Waɗannan biyar doka ta hana su cafkar jifa, kuma da wuya ka ji an ambaci sunansu sai in sun yi laifi. Amma wanda ya taɓa zama a filin kokawa zai gane abin da ke faruwa a wurin: wa ya riga sa hannu, wa ya fi sunkuyawa, ƙafar wa ta fi kafuwa. Kafin a fara, Kelce yana nuna wa sauran wanda kowa zai tare. Da an fara sai ka gan shi ya bar wurinsa a guje ya je can gefe ya ture mai tsaro, hanya ta buɗe wa mai gudu da ƙwallo. Daga ranar na gane cewa rabin abin da ake yaba wa kwatabak a kai, waɗannan ne suka saya masa lokacin yinsa. Saboda haka da Jason Peters, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya ji rauni aka fitar da shi daga fili a kan ƙaramar mota ranar 23 ga Oktoba, a wasa da Washington, filin gaba ɗaya yana kiran sunansa, na san abin da aka rasa. Shi ne mai tsare wa Wentz bayansa. A daren ne kuma Jordan Hicks, mai tsara masu tsaro, shi ma ya ji rauni. Wani matashi, Halapoulivaati Vaitai, ya maye gurbin Peters, aka ci gaba da cin wasa.

A shagunan 'yan Afirka ta Yamma da ke titin Woodland, inda muke sayen manja da busasshen kifi, zancen mutum biyu ake yi. Nelson Agholor a Legas aka haife shi, iyayensa suka kawo shi Amurka yana ɗan shekara biyar. A 2016 jifa na ta zubewa daga hannunsa har aka ajiye shi wasa guda, garin nan kuma ba ya tausaya wa mai irin wannan matsala. A 2017 ya dawo kamar wani mutum daban, ya shiga gida sau takwas. Na biyun Jay Ajayi ne, haifaffen Landan amma iyayensa 'yan Najeriya, wanda aka karɓo daga Miami a ƙarshen Oktoba. A wasansa na farko ya yi gudun yadi 46 ya shiga gida, aka lallasa Denver 51 da 23. Ba zan ɓoye ba, ganin sunayen gida a bayan riguna ya ƙara ɗaure ni da ƙungiyar.

Tsarin gasar kansa bai ba ni wahala ba. Ƙungiyoyi 32 ne a ɓangarori biyu, a lokacin kowacce tana wasa 16, shida daga kowane ɓangare su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Ba a faɗawa ƙaramin rukuni, akwai iyakar kuɗin albashi da ta hau kan kowa, kuma wadda ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Eagles suka ci tara a jere, suka kai nasara goma da rashin nasara ɗaya, ana ta cewa Wentz ne zai zama gwarzon shekara.

Ranar 10 ga Disamba a Los Angeles, a kashi na uku, Wentz ya yi tsalle zai shiga gidan Rams, masu tsaro biyu suka matse masa ƙafa. Alƙalai suka soke makin saboda laifin wani abokin wasansa. Ya tashi ya ci gaba, ba wanda ya san jijiyar gwiwarsa ta riga ta tsinke. Aka kai yunƙuri na huɗu, saura yadi biyu. Pederson bai nemi maki uku ba. Wentz ya tsaya a kan wannan ƙafa ya jefa wa Jeffery. Jifarsa ta 33 ke nan da ta kai gida a kakar, ya karya tarihin ƙungiyar da ya tsaya tun 1961. Sannan ya taka ya shige ɗakin sauya kaya da tawul a kansa, bai ƙara bugawa ba a shekarar. Eagles suka ci 43 da 35, suka zama zakarun rukuninsu na ƙungiyoyi huɗu, amma motata washegari kamar gidan makoki.

A wannan makon ne Baba ya ba ni labarin da ya sa na fahimci garin. Rabon Eagles da kofi tun 26 ga Disamba, 1960, da suka doke Green Bay 17 da 13 a filin Franklin, nan cikin Jami'ar Pennsylvania, filin da nake wucewa ta gefensa kusan kullum. Yana saurayi lokacin, a rediyo ya saurara tare da mahaifinsa. Ya ba ni labarin Chuck Bednarik, wanda ke buga hari da tsaro duka biyu, yadda ya kayar da mai ƙwallon Green Bay a yunƙurin ƙarshe ya danne shi har lokaci ya cika. Wannan kafin a ƙirƙiro Super Bowl ne, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar. Tun da aka fara shi, sau biyu suka je, Oakland ta doke su a 1981, New England ta doke su a 2005, alhali sauran ƙungiyoyi ukun da ke rukuninsu kowacce ta ɗauka fiye da sau ɗaya. Ya ce mahaifinsa ya rasu yana jira, yayansa ma haka. Ba da kuka ya faɗa ba, lissafi kawai ya yi mini da yatsu.

Wanda ya maye gurbin Wentz shi ne Nick Foles. Garin ya san shi. A 2013 ya yi wa Eagles shekarar da ta ba kowa mamaki, jifa 27 zuwa gida, biyu kacal aka tare masa. Daga baya aka musanya shi zuwa St. Louis, abubuwa suka lalace masa har ya yi tunanin barin wasan baki ɗaya. Ya dawo a 2017 a matsayin ɗan benci. Wasansa na farko ya yi kyau, amma na daren Kirsimeti da Oakland, ko ni da ke da wata uku a makarantar Baba na ga jifarsa ba ta zuwa inda ake so. Da ƙyar aka ci 19 da 10. Na ƙarshe Dallas ta ci 6 da nema. Eagles suka gama da nasara 13 da rashin nasara 3, su ne na ɗaya a ɓangarensu, amma masu tsara caca suka ce Atlanta, wadda ta shigo a ta shida, ita za ta zo har gida ta cire su. Ba a taɓa yi wa ƙungiyar da ta zo ta ɗaya haka a wannan zagaye ba.

Abin da kociyoyin suka yi a hutun mako biyun nan shi ne abin da ya fi burge ni a duk kakar. Ba su tilasta wa Foles ya zama Wentz ba. Suka koma suka kalli wasanninsa na 2013, suka ɗauko abin da ya fi iyawa: ya karɓi ƙwallo, ya zuba wa mai tsaro guda ɗaya ido, in ya matso gaba sai ya jefa ta bayansa, in ya ja da baya sai ya miƙa wa mai gudu. Mataimakin Pederson a ɓangaren hari, Frank Reich, shi ma tsohon kwatabak ɗan benci ne. Ina ganin sai wanda ya daɗe a benci ne zai san yadda ake lallaɓa zuciyar wanda aka taso daga can.

Ranar 13 ga Janairu, 2018, sau ɗaya Eagles suka shiga gidan Atlanta, kuma a yunƙuri na huɗu ne LeGarrette Blount ya shiga daga yadi ɗaya. Sauran maki tara ƙafar Elliott ce. Saura kamar minti ɗaya, 15 da 10, Atlanta na yadi biyu daga gida, su ma a yunƙuri na huɗu. Kwatabak ɗinsu Matt Ryan ya jefa wa Julio Jones sama a kusurwa, Jalen Mills na Eagles na manne da shi, ƙwallo ta bi ta tsakanin hannuwan Jones ta wuce. Bayan wasan Lane Johnson da Chris Long suka sa fuskar kare ta roba, domin a maganar Amurkawa da karen da aka danne ake kwatanta wanda aka raina. Kafin mako ya zagayo garin ya cika da irin fuskar. Uwargida ta ce ba dai a gidanta ba, muka tsaya a kan koriyar hula. Mako na gaba Minnesota, masu tsaron da suka fi na kowa a shekarar, suka fara cin maki bakwai, daga nan ba su ƙara ba. Aka tashi 38 da 7. 'Yan sanda sun shafa wa turakun fitilun titi man girki don kada mutane su hau, aka hau duk da haka.

Super Bowl na 52 a Minneapolis aka yi, ranar 4 ga Fabrairu, da ƙarfe shida da rabi na yamma agogonmu, sha biyu da rabi na dare a Kano. Abokan karawa New England Patriots ne, masu riƙe da kofin, waɗanda kwatabak ɗinsu Tom Brady da kocinsu Bill Belichick suka ɗauka sau biyar tare. Mun yi magariba, maƙwabta biyu suka shigo da iyalansu, aka ajiye tuwon shinkafa da miyar taushe da ba wanda ya taɓa sai can. Littafina na kan cinyata.

Saura daƙiƙa 38 a tafi hutu, Eagles na gaba 15 da 12, yadi ɗaya ya rage a shiga gida, yunƙuri na huɗu. Duk ɗakin suka ce a karɓi maki uku. Ni na riga na san ba zai karɓa ba, domin wata biyar na yi ina rubuta halin mutumin. Abin da ban sani ba shi ne yadda za a yi. Foles ya bar wurinsa ya matsa gefen dama kamar yana gaya wa ƙartinsa wani abu. Kelce ya miƙa ƙwallo kai tsaye ga Corey Clement, ya nufi hagu, ya cilla wa Trey Burton da ke tahowa dama, Burton ya jefa wa Foles, wanda ya sulale cikin gida ba kowa kusa da shi. Shi ne abin da ake kira Philly Special. Daga baya aka fitar da muryoyinsu, aka ji Foles ne ya je bakin fili ya kawo shawarar, Pederson ya ɗan yi shiru ya ce a yi. Ka duba hannuwan da ƙwallon ta bi: Clement ba ƙungiyar da ta zaɓe shi da ya fito jami'a, Burton ma haka kuma shi ne na uku a matsayinsa, Foles ɗan benci. Aka tafi hutu 22 da 12, muka yi isha'i.

Brady bai saduda ba. Yana da shekara 40, ya yi jifar yadi 505 a daren, abin da ba a taɓa yi ba a wasan ƙarshe. Ƙungiyoyin biyu sun haɗa yadi 1,151, fiye da kowane wasa a tarihin gasar, kuma sau ɗaya tak aka doka ƙwallon sallamawa. A kashi na huɗu Rob Gronkowski ya shiga gida, New England ta wuce gaba karo na farko, 33 da 32. Sai ga shi Eagles sun tsaya a yadi na 45 na ɓangarensu, yunƙuri na huɗu, saura yadi ɗaya, saura minti biyar da 'yan kai. A wurina wannan ya fi Philly Special nauyi, ko da yake ba a cika nuna shi ba. In aka kasa, an ba Brady ƙwallo a bakin maki. In aka sallama, mai yiwuwa ba za a sake taɓa ta ba sai lokaci ya ƙure. Pederson ya bar mutanensa a fili. Masu tsaro suka taso wa Foles, ya ja da baya ya jefa wa Zach Ertz, ya cafke yadi biyu. Daga nan Agholor ya cafke uku a jere, ɗayan maƙwabtan, Bayerabe ne ɗan Ibadan, yana ta ihu da yarensu. Saura minti 2 da daƙiƙa 21 Ertz ya yi tsalle ya shiga gida, ƙwallo ta bugi ƙasa ta yi sama ya sake kamawa. Alƙalai suka daɗe suna duba faifan kafin su tabbatar. 38 da 33.

Duk daren ba a kayar da Brady ko sau ɗaya ba. A yunƙurinsa na biyu bayan nan, ni ba shi nake kallo ba, layi nake kallo kamar yadda aka koya mini, shi ya sa na ga Brandon Graham, mai tsaron Eagles, ya ture mai tare shi ya miƙa hannun hagu tun kafin mai sharhi ya ɗaga murya. Ƙwallo ta faɗi, Derek Barnett ya ɗauke. Elliott ya ƙara uku daga yadi 46. Jifar Brady ta ƙarshe ta tashi sama zuwa cikin cincirindo a gidan Eagles ta faɗi ƙasa. 41 da 33. Aka ba Foles kyautar gwarzon wasan. Ban fita Broad Street, babban titin da jama'a suka taru, a daren ba. Akwai farin ciki na gaskiya a wurin, akwai kuma maye da ɓarna, har rumfar ƙofar wani otal ta rufta da waɗanda suka hau, kuma ina da masu jinya da zan ɗauka da asuba.

Da na isa ƙofar Baba ranar Litinin, ya riga ya fito yana jira cikin sanyi, sanye da wata tsohuwar koriyar riga da ban taɓa gani ba. Na ce, "Baba, barka da arziki." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya tambaye ni wane yunƙuri ne ya ci wasan. Na ce na Ertz a tsakiyar fili. Ya ce to na gama makaranta.

Faretin ranar Alhamis 8 ga Fabrairu aka yi. Aka rufe makarantu, jiragen ƙarƙashin ƙasa kyauta amma wasu tashoshi kawai aka buɗe. Baba ba shi da ƙarfin shiga wannan taro, a talabijin ya kalla. Ni da ɗana muka sa riguna a kan riguna, muka sami wuri a titin Benjamin Franklin Parkway, nesa da gidan kayan tarihin da za a yi jawabai, muna kallon babban allo. Motocin bas marasa rufi suka taso daga wajen filin wasa, suka bi Broad Street, suka zagaya ginin majalisar birni, suka wuce ta gabanmu, na ɗaga yaron ya ga kofin. Mutane da yawa sun zo da hotunan iyayensu da suka rasu. Kelce ya hau mumbari cikin ƙyalƙyalin kayan 'yan faretin sabuwar shekara na garin, ya riƙa kiran abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da aka ce kowannensu ba zai iya ba, har muryarsa ta dishe. Akwai ashar a ciki, na toshe wa yaron kunne a wasu wurare.

A hanyar komawa ya ce yana son in sa shi a ƙungiyar yara ta unguwa. Na daɗe ina juya maganar. A wannan wasan ƙarshe da muka yi murna da shi, na ga yadda Malcolm Jenkins ya yi karo da Brandin Cooks na New England, ya kwanta bai motsa ba na ɗan lokaci, bai kuma dawo fili ba. A watan Yuli na 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan gasar 111 da suka rasu, suka sami cutar da yawan bugun kai ke jawowa a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, amma ni mai ɗaukar marasa lafiya ne, na san yadda jiki ke karɓar bashinsa a tsufa. Na sa shi a irin wadda ba a kayar da kowa, ana ɗaura ƙyalle a ƙugu, in an fizge shi yunƙuri ya ƙare. Ya yi fushi na 'yan kwanaki, sannan kocinsu ya ba shi matsayin mai miƙa ƙwallo, ya nemi lamba 62.